Idan Silin Mota Ya Sauko, a Leƙa Bakin Gilashi

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, cikin motar da aka bari a rana da gilasai a rufe kan wuce digiri 60. Irin wannan gashin ne ke sa mai mota ya wayi gari ya tarar yadin silin ya sauko kamar gidan sauro, yana shafar hularsa, yana tare masa madubin ganin baya.

Galibi akan ɗora wa gam laifi, alhali ba a nan cutar take ba. Silin mota hawa uku ne: akwai allo mai tauri da aka yi da kwali ko zaren gilashi, sai siririn soso, sannan yadin da ido ke gani. Zafi da laima ne ke ruɓar da soson har ya koma gari mai launin ruwan goro, wanda ke zubo wa fasinja a kafaɗa. Da zarar ya dagargaje, yadi ba shi da abin riƙewa. Motocin Kwatano sun fi shan wannan wahala, domin da yawansu sun yi shekara 10 ko fiye a Turai ko Amurka kafin ranar Arewa ta ƙarasa su.

Shi ya sa fesa gam a kan tsohon soso asarar kuɗi ce, tamkar yaɓe a kan bangon da ke zubewa. Masu ɗinkin kujerun mota da suka san aikinsu, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, sukan cire allon gaba ɗaya, su kankare garin da buroshi, su shafa gam mai jure zafi, sannan su shimfiɗa sabon yadi mai sosonsa daga tsakiya zuwa gefe. Soka fil yana tallafe yadin na ɗan lokaci, amma a kiyayi gefen rufi, inda motoci da yawa ke ɓoye jakar iska ta kariya da wayoyin lantarki.

Inda lamarin ya fi tayar da hankali shi ne idan sakin ya fara daga gaba, daidai saman gilashi, ga tabon ruwa ga warin ruma. Wannan alama ce ta yoyo.

Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, roba ce ke riƙe da gilashinsu. In ta tsattsage sai a sauya ta. A motocin yanzu kuwa, robar da ake gani daga waje kwalliya ce kawai. Gilashin manne yake da jikin ƙarfe da wani baƙin gam mai suna yuritan, kuma aikinsa ya wuce tare ruwa: yana tallafa wa rufi idan mota ta kife, sannan a motoci da dama jakar iskar fasinjan gaba da shi take dogara yayin da ta buɗe. Abin takaici ne a ga wannan muhimmin wuri an dame shi da silikon ɗin gyaran banɗaki. Silikon ba ya kama yuritan, yana hana sabon gam zama daga baya, wani nau'insa ma tsatsa yake jawowa.

Sau da yawa yoyon yakan samo asali ne daga sauyin gilashi na gaggawa: wuƙa ta kankare fenti, ba a shafa faraima ba, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye har ta ɗaga gam ɗin. Gano shi ba wuya. Mutum ɗaya ya zauna ciki, wani ya riƙa zuba ruwa a hankali daga ƙasan gilashi zuwa sama. In motar mai tagar rufi ce, a duba magudananta, domin ƙurar hunturu kan toshe su, ruwan farkon damina ya bi ta silin. Idan aka tabbatar gilashin ne, sai a cire shi, a kashe tsatsar, a sake manna shi, a bar motar ta huta gwargwadon awannin da aka rubuta a jikin gam ɗin. Bayan nan ne mai ɗinki zai zo da sabon yadinsa.