Kyamarorin Tsaro a Gidaje: Ɗaurin Mai Gida da Aikin Gwani

Duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin arewacin Nijeriya a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala har jama'a suka shafe fiye da mako guda babu wuta, ya tona asirin wani rauni da masu tallan kayan tsaro ba sa son a ɗago shi, wato duk kyamarar da ta dogara da wutar gwamnati ta makance ne a daidai lokacin da unguwanni suka fi buƙatar ido. Hakan ya faru a shekarar da ta buɗe da sace-sacen mutane a Bwari da ke gefen Abuja, kuma a zamanin da magidanta da yawa suka koma sayen kyamara a kasuwa suna ɗaurawa da kansu maimakon kiran wanda ya san aikin. Akasarin abin da ake ɗaurawa ta wannan hanya yana ɗaukar hoto, amma ba kasafai yake tsare gida ba, kuma dalilin da ya sa ake gudun gwani ya fi kusa da rashin amana a kan tsadar aiki.

Batun kuɗi sananne ne, ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfanonin Sin irin su Hikvision da Dahua, da ɗimbin ƙananan masana'antu da ba a ma san sunansu ba, sun karya farashin kaya, har ta kai ana samun kyamara mai siffar ƙwan fitila da ake murɗawa a mazaunin ƙwai, da kuma mai faifan sola da batir wadda ake sanya wa layin waya a bar ta a kan katanga. Ana samun su daga Alaba a Legas zuwa Banex a Abuja da Farm Centre a Kano, kuma haɗa su da wayar hannu bai wuce mintoci ba. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na 2023 ta tsadar da cikakken tsari mai waya da na'urar naɗi, sai ƙaramin kaya mara waya ya zama shi ne abin da aljihu zai ɗauka.

Sai dai kuɗi kaɗai ba ya bayyana abin da ya sa attajirin da zai iya biyan kowane injiniya yake zaɓen ya ɗora ɗansa a kan tsani. Gidan Bahaushe, ko na gargajiya mai zaure ne ko na zamani mai get da katanga, an gina shi ne a kan rarrabe waje da ciki, kuma baƙon namiji yana da iyakar da ba ya tsallakewa. Mai ɗaura kyamara kuwa aikinsa ya tilasta masa tsallake kowace iyaka: zai shiga tsakar gida, ya hau silin, ya ga ɗakin da maigida yake kwana da wanda yara suke, ya ƙirga ƙofofi, ya san inda katanga ta fi gajarta, kuma mafi muni, ya san kusurwar da kyamara ba ta gani domin shi ya bar ta haka. A yankunan da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga bayanan mutane, ta shiga maganar yau da kullum, wannan ilimi ya zama abin tsoro, kuma magidanci ba ya buƙatar hujja a kan wani mutum kafin ya yanke shawarar cewa gara kada kowa ya same shi. Babu kuma wani shinge da ke tace masu sana'ar a aikace. Hukumar tsaron farin kaya ta Sibil Difens ce ke kula da lasisin kamfanonin masu gadi a ƙarƙashin dokar 1986, amma yaron da ya mallaki tsani da na'urar huda bango yana iya buga kati ya kira kansa injiniya, kuma da wuya mai gida ya nemi wata shaida ban da cewa wani ne ya turo shi.

Tsoron yana da tushe, domin kowane tsarin kyamara yana da asusun shugaba, wato asusun da ke da ikon ƙara mutane, goge hotuna da sauya saiti, kuma al'adar masu ɗaurawa ita ce su buɗe shi da lambar wayarsu ko adireshinsu na imel, sannan su ba mai gida ikon kallo kawai, da hujjar cewa hakan zai sauƙaƙa gyara daga nesa. Ko a Amurka, inda sana'ar take da tsari, an ga ƙarshen wannan sakaci. A 2021 wani ma'aikacin kamfanin ADT a Dallas ya amsa laifin cewa ya riƙa ƙara adireshinsa na imel a asusun abokan ciniki kusan 200, ya leƙa gidajensu sau fiye da 9,600 cikin 'yan shekaru, aka yanke masa ɗaurin wata 52. Idan hakan ya yiwu a kamfanin da tarihinsa ya faro tun 1874, ba a ga laifin mutumin Gusau ko Zariya da ya ƙi miƙa hoton tsakar gidansa, inda iyalinsa ke zama babu mayafi, ga wanda bai san asalinsa ba.

Kuskuren yana wajen zaton cewa ɗaurin kai, wato mai gida ya ɗaura kyamara da kansa, ya kori baƙo daga gida. Ƙananan kyamarori marasa waya ba sa tura hoto kai tsaye zuwa wayar mai su. Yawanci sai ya bi ta rumbun kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su, a wata ƙasa, ƙarƙashin sharuɗɗan da babu mai karantawa. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Ring, mallakar Amazon, ya biya dala miliyan 5.8 bisa zargin cewa ma'aikatansa sun samu damar kallon bidiyon cikin gidajen jama'a, kuma a watan Fabrairun 2024 kamfanin Wyze ya amsa cewa masu amfani da kayansa kimanin 13,000 sun ga hotunan gidajen da ba nasu ba. Waɗannan kamfanoni ne masu suna da ake iya kai ƙara. Kyamarar da ta zo a kwali babu adireshi ba ta da wanda za a tuhuma. Ga kuma matsalar kalmar sirrin masana'anta, wato wadda na'ura ke zuwa da ita iri ɗaya ga kowa. Da irinta ne manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗi a 2016 ta kai hari da su kan manyan shafukan intanet, kuma saboda ita ne Birtaniya ta haramta sayar da kaya masu irin wannan kalma daga watan Afrilun 2024. Kayan da ke shigowa kasuwannin Nijeriya ba sa bin ta wannan tankaɗe.

Sauran illolin na fasaha ne, kuma ana ganin su a kan katangu. Mai ɗaurin kai yakan kai kyamara can ƙololuwa don kada a sace ta, sai ta riƙa ɗaukar saman hula da rawani ba fuska ba. Yakan fuskantar da ita gabas ko yamma, rana ta wanke hoton safe ko na la'asar. Yakan zaɓi mai faɗin gani domin ta haɗa get da titi da shagon maƙwabci a hoto ɗaya, alhali gwargwadon faɗin fili gwargwadon ƙanƙantar fuskar da ke cikinsa. Da dare kyamara tana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, ƙwari su taru a gabanta, gizo-gizo ya yi saƙa a kan gilashin, wayar mai gida ta yi ta ƙara a kan abin da ba komai ba har ya gaji ya kashe sanarwar gaba ɗaya. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola, zafin Maris da Afrilu yana rage ran batir, ɗan katin ajiya kuma yana goge tsohon hoto idan ya cika, ko ya lalace shiru ba tare da an sani ba sai ranar da aka neme shi. Inda aka sa na'urar naɗi, sau da yawa a ƙarƙashin talabijin take a falo, wurin da ɓarawo zai fara ɗauka. Gwani na gaskiya yana lissafa nauyin da inbata da batir za su ɗauka, ya ja waya ta cikin bututu, ya ɓoye na'urar, kuma a nan ne kuɗinsa yake halatta.

Masu goyon bayan ɗaurin kai suna da abin faɗa. Ɗan haya ba zai fasa bangon da ba nasa ba, mai ƙaramin shago ba ya buƙatar kyamara takwas, kuma ko kyamara mara inganci tana iya sa ɓarawon tsautsayi ya wuce gaba. Gaskiya ne kuma cewa wasu masu kiran kansu ƙwararru suna sayar da jabu a farashin na asali, su ɓace idan aiki ya lalace. Wannan hujja ce a kan lalacewar sana'ar, amma ba ta gyara kusurwar da aka saita ba daidai ba.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu suke tsallakewa. A Amurka, inda muhawarar ta samo asali da fitowar kamfanoni irin su SimpliSafe a 2006, abin da ake saya a wurin ƙwararru shi ne sa ido, wato cibiyar da ke karɓar ƙararrawa dare da rana ta kira 'yan sanda. A mafi yawan garuruwan arewa babu wannan sarƙa. Lambar gaggawa ta 112 tana nan, amma kowa ya san tazarar da ke tsakanin kira da isowa, kuma aikin kyamarorin gwamnati na dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE a 2010 ya zama abin misali wajen kayan da aka kafa aka bari suka mutu. Wanda zai amsa a zahiri shi ne mai gadi, 'yan sintirin unguwa da maƙwabta a zauren WhatsApp, don haka tsarin da ba ya kai ƙara ga waɗannan cikin daƙiƙu kayan tattara shaida ne bayan an riga an yi ɓarna. Kyamara mai layin waya ma tana da nata sharaɗin: lokacin da aka katse sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021, sannan a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk na'urar da ta dogara da layi ta rasa hanyar isa ga mai ita, kuma ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025 ya ɗaga kuɗin datar da take ci kowane wata.

Tsarin da ya fi dacewa da wannan yanayi shi ne raba aikin biyu. Gwani ya yi wuta da waya da saitin kusurwa a wajen gida, a gaban mai gida, shi kuwa mai gida ya buɗe asusun shugaba da kansa, ya sauya kalmar sirri bayan an sauko daga tsani, ya duba jerin waɗanda ke da ikon kallo, ya kuma bar cikin ɗakuna babu kyamara. Sai kuma a lura da katangar maƙwabci, domin dokar kare bayanan sirri ta Nijeriya ta 2023 ta keɓe amfanin gida daga hukuncinta ne da sharaɗin kada ya keta sirrin wani, kuma kyamarar da aka ɗaura a bene tana leƙa tsakar gidan da ke ƙasa ta fita daga wannan keɓewa, ko wane ne ya ɗaura ta.