Ko Ka Sani? Ƙyallin Tsohon Tarho Bai Fi Ɓawon Albasa Kauri Ba

Da hantsi a lungunan Ainu Shams, can arewa maso gabashin Alƙahira, akwai wani kira da duk wanda ya taɓa zama a unguwar ya haddace: "Bikya! Bikyaaa!" Mai kiran yana tura amalanke, ko yana kan keken jaki, idonsa na sama yana duban tagogin benaye ko wata uwar gida za ta leƙo ta yafuto shi. Shi ne ɗan gwangwan ɗin Masar. Cikakken sunan sana'ar robabikya, kalmar da Misirawa suka aro daga Italiyanci, ma'anarta tsofaffin kaya. Bahaushe idan ya ji "roba" a farkon kalmar sai ya zaci robarmu ake nufi, alhali ba su haɗa komai ba. Sai dai an yi dace, domin a cikin tarkacen amalanken, tsakanin matacciyar fanka da tsohon risho, wani lokaci za ka hango kakar duk wata roba da ke gidanka: baƙin tarho mai lambobin juyawa, ko akwatin rediyo mai ruwan ƙasa, sun yi furu-furu kamar an tono su daga toka.

Daga amalanken kayan kan bi hanyarsu zuwa Kasuwar Alhamis ta Maɗariyya da ke maƙwabtaka, ko Kasuwar Juma'a ta wajen Sayyida A'isha, ko shimfiɗar ranar Asabar da ake yi kusa da silimar Diana a tsakiyar birni. Kowane zango kuɗin yana ƙaruwa, kuma yawanci ba gyaran ciki ne ya ƙara shi ba. Ƙyalli ne.

Ba abin mamaki ba ne a ce gidajen Alƙahira na cike da irin waɗannan kaya. Tun 1881 aka ja layin tarho tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. Ranar 31 ga Mayu, 1934, gidan rediyon gwamnatin Masar ya fara aiki tare da kamfanin Marconi, aka buɗe shi da karatun Shaikh Muhammad Rif'at. Daga nan akwatin rediyo ya zama ɗan gida. Shi aka riƙa zagayewa daren Alhamis ɗin farko na wata don sauraron mawaƙiya Ummu Kulsum, ta cikinsa tashar Sautul Arab ta fara magana a 1953, ta cikinsa tashar Alƙur'ani ta shigo a 1964. A zamanin Jamal Abdul Nasir har da Hausa Rediyon Alƙahira ya riƙa watsa shiri, a daidai shekarun da iyayenmu a Kano da Zariya suke murɗa nasu akwatunan suna neman Landan, wadda ta fara Hausa a 1957, ko Kaduna, wadda ta biyo baya a 1962.

To, da me aka yi jikin waɗannan akwatuna? Sunansa bakalait. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan asalin Beljiyam, Leo Baekeland, shi ya haɗa shi a 1907 a garin Yonkers na jihar New York. Mutumin ya riga ya yi kuɗi da takardar wanke hoto da ya sayar wa mai kamfanin Kodak, don haka yana da sararin yin gwaje-gwaje a gida. Abin da yake nema shi ne madadin shalak, wani danƙo da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, wanda masu kayan lantarki ke rububi. Sai ya dafa sinadarai biyu, finol da fomaldihaid, cikin zafi da matsi, abin ya daskare ya zama wani abu da ba ya narkewa, ba ya ɗaukar wutar lantarki, ba ya tsatsa. Wannan ce roba ta farko da ɗan Adam ya haɗa kacokan daga sinadarai. Robar bokiti idan ta ji wuta takan yi laushi ta zube. Bakalait kuwa kamar ƙwai yake: idan ya dahu ya dahu ke nan. Shi ya sa ya dace da rediyo mai bawul, wanda cikinsa ke yin zafi kamar murhu. A 1931 kamfanin Ericsson ya fitar da tarhon da mai zane Jean Heiberg na Norway ya tsara masa siffa, gangar jiki da mazaunin kan tarhon duk a zubi ɗaya, kuma siffar nan ce ta bazu har ta zama abin da ido ke gani idan an ce tarho.

Ga inda maganar take. Danƙon shi kaɗai gautsi gare shi, saboda haka sai a cakuɗa shi da garin katako mai laushi, wani lokaci da zaren auduga ko asbesto, kafin a zuba a mazubin ƙarfe a matse. Yayin matsewar, tsantsar danƙon kan taso ya kwanta a jikin mazubin, ya bar wata 'yar fata mai santsi a waje. Wannan fatar ita ce ƙyallin gaba ɗaya. Ƙarƙashinta garin katako ne da ƙananan ramuka. Kuma duk wani man gogewa, komai tsadarsa, aikinsa ɗaya ne: yana ɗauke da ƙwayoyi masu kaushi da ke kankare saman abu. Wato gogewa ragewa ce. A jikin tagulla ba damuwa, don ƙarƙashin tagulla tagulla ce. A jikin bakalait, kowace gogewa tana matso da kai kusa da garin katako, kuma ranar da ka isa can, babu man da zai komo da kai.

Na koyi wannan da kuɗina. Na sayi wani baƙin tarho, lambobinsa na Larabci, na kai shi ɗaki na jiƙa shi da ruwan zafi da garin sabulun wanki, na bi shi da soson ƙarfe irin na wanke tukunya. Yana jiƙe yana walƙiya, har ina yaba wa kaina. Da ya bushe sai ya koma kalar busasshen kashin shanu, da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, yana kama yatsa kamar bangon da ba a yi wa shafe ba. Na ɗauke shi zuwa wurin wani tsoho mai gyaran rediyo, ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Ainu Shams. Ya juya shi, ya shafa da bayan yatsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, wanka ka yi masa ko fiɗa?"

Na ce, "Wanke shi kawai na yi, Usɗa."

"Ka feɗe shi. Zauna ka sha shayi."

Abin da ya yi bayan nan ba gogewa ba ce, ciko ne. Ya lakato baƙin man takalmi da tsumma, ya cusa shi cikin ramukan, ya bar shi ya sha iska, ya murza, ya sake, har sau uku, sannan ya bi da kaki. Tarhon ya yi baƙi, ya yi ɗan sheƙi irin na takalmin ɗan sanda. Amma da ya ajiye shi kusa da wani da ba a taɓa ci wa zarafi ba, bambancin a fili yake. Wancan kana ganin fuskarka a ciki kamar ka leƙa rijiya. Nawa kwalliya ce kawai, kuma duk bayan 'yan watanni sai an sabunta ta.

Ba soson kaɗai ya yi ɓarnar ba. Sabulu mai ƙarfi da duk wani abu mai kaifin kanwa suna cin wannan fata. Rana ma haka, kuma ita ce babbar mai laifi. Abin dariya, sunan unguwar Ainu Shams kansa Idon Rana yake nufi, don a nan tsohon birnin masu bautar rana yake, wanda Girkawa suka kira Heliyofolis, inda dogon ginshiƙin dutsen Fir'auna Sanusarat na Ɗaya yake tsaye a Maɗariyya shekara kusan dubu huɗu. Dutse ya jure. Rediyon da aka ajiye a bakin taga kuwa, za ka tarar gefen da ke kallon waje ya dusashe, ɗaya gefen yana nan da ƙuruciyarsa. Sai ƙura, ko ta iskar hamasin da ke turnuƙe Alƙahira a bazara ko ta hunturunmu. Akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi bakalait tauri nesa ba kusa ba. Wanda ya sa busasshen tsumma ya murza akwati mai ƙura, samfefa ya yi masa. A fara kaɗe ta da buroshi mai laushi, a bi da tsumma mai ɗan danshi da sabulu mara ƙarfi, a tsane nan take.

Kafin a buɗe gwangwanin kowane mai, sai an tabbatar da abin da ke hannu, domin ba kowane baƙin akwati ne bakalait ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka murza wani lungu da babban yatsa har ya ɗumama, ka sansana. Bakalait kan ba da wani wari irin na maganin asibiti. Masu tara kayan tarihi kuma kan ɗiga man goge ƙarfe na Simichrome a auduga su taɓa ƙasan akwatin: audugar kan koma rawaya, ko da yake baƙin bakalait wani lokaci yakan ƙi nunawa. Masu soka allura mai zafi, Allah Ya shirye su. Idan ba bakalait ba ne sun huda kayan mutane, idan shi ne sun bar masa tabo.

A ganina, idan fatar tana nan lafiya, datti ne kawai ya rufe ta, kada a kusanto da man gogewa sam. Wanki da kaki sun isa: kakin zuma, ko kakin karnuba da ake samu daga ganyen wata giginyar Burazil, ko Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. Idan ta fara dusashewa, sai a nemi mai mafi laushi. Hukumar gidan waya ta Birtaniya, wadda tarhon ƙasar ke hannunta a wancan zamani, tana da nata man da ma'aikatanta ke goge baƙaƙen tarho da shi, mai lamba 5, kuma har yau ana sayar da shi da wannan suna. Inda babu shi, man goge fentin mota mai laushi yakan yi. Brasso, wanda tsofaffin soja da 'yan sanda suka sani wajen goge maɓalli da kan ɗamara, a kansa masu gyara suka rabu biyu. Wasu sun rantse da shi, wasu na cewa ammoniyar da ke cikinsa da kaushinsa sun yi yawa. Ni dai ba zan ɗora shi a saman akwati ba sai na gwada a ƙarƙashi. Da hannu ake yi, da tsohuwar singileti ta auduga, a hankali. Injin gogewa yana cin kusurwoyi kafin ka ƙifta ido. Samfefa kuwa a bar ta gun kafinta, balle ma ana iya dacewa da mai asbesto, wanda ƙurarsa ke lahanta huhu. Man gyaɗa da man inji, da 'yan kasuwa ke shafawa don kaya su yi walwali a shimfiɗa, kwana biyu ne su kama ƙura su yi danƙo.

Akwai ɗan'uwan bakalait mai suna Catalin, wanda Amurkawa suka yi ƙananan rediyoyi masu launi da shi a shekarun 1930 da 1940, irin na kamfanin Fada. Shi ba garin katako a cikinsa, don haka yana jure gogewa. Nasa abin mamakin daban ne: hasken rana yana rina samansa, fari ya koma ruwan zuma, shuɗi ya koma kore mai duhu. Ka goge da ƙarfi sai asalin launin ya fito, kuma a nan ma gardama ce, don wasu masu saye ruwan zumar nan suke biya, har dubban daloli a kan wanda ba a cika samu ba. Tarho masu launin toka, kore da ja da suka yawaita daga shekarun 1960, irin waɗanda muka sani da wayar girke kafin salular GSM ta shigo Nijeriya a 2001, robar zamani ce mai narkewa. Tana karɓar gogewa da kyau, amma ɗigo ɗaya na tina ko ruwan goge jan farce ya isa ya narkar da fuskarta. Akwatin katako kuma, idan shalak aka shafa masa, sifirit ne ajalinsa.

Wurin da ya fi ban tausayi shi ne gilashin gaban rediyo, inda aka jera sunayen birane, allura tana bi ta kansu. Ta bayan gilashin aka buga rubutun, da fentin da shekaru suka mayar kamar gari. Tsohon nan na Ainu Shams ya nuna mini wani gilashi fari tas, ya ce mai shi ya sa jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya, Landan da Rum da Alƙahira duk suka bi tsumman. Ta gaba ake goge shi. Bayan kuwa ko hura masa iska sai da lissafi.

Kuma duk yadda akwati ya kai ga sheƙi, kada zumuɗi ya sa a cusa filoginsa a soket. Kondensocin takarda da ke ciki sun daɗe da lalacewa, wayoyin sun bushe, wasu an yi su don wuta mai ƙarfin 110 ne alhali ta Masar 220 ce, wasu kuma ƙirarsu ta sa ƙarfen cikin kansa yana ɗauke da wuta. Tarho ya fi sauƙin kai. Da muka gama shayi, Usɗa ya ɗaga kan nawa ya ɗan buga shi a tafin hannu, don ƙwayoyin gawayin da ke cikin abin maganar su warware, sannan ya sa yatsa a ramin sifiri ya ja har ƙarshe ya saki. Faifan ya koma da kansa yana ƙirrr, bugu goma cikin daƙiƙa guda, kamar yadda aka saita shi tun a masana'anta. Ya ce kada in kuskura in ɗiga masa mai a nan, ya naɗe mini shi a tsohuwar jaridar Al-Ahram, ya karɓi kuɗin man takalminsa.