Sunan Dangin Harshe Ba Takardar Zama Ɗan Ƙasa Ba Ce

'Yan uwa, duk wanda ya ratsa kasuwar Kilomita Biyar a Bangui zai ji Sango da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa a layi ɗaya. Tun rikicin 2013 da 2014 kuma mun sha jin ana kiran mazauna unguwar nan baƙi, wai 'yan Chadi. To idan yaranmu suka karanta cewa Hausa tana cikin "dangin harsunan Chadi", wajibi ne mu fahimtar da su ma'anar, kada kalmar ta zama sanda a hannun mai neman fitina.

Masana suna haɗa harsuna a dangi ɗaya ne idan kalmomin asali da nahawu suka nuna kakansu ɗaya. Dubi "mutu" a Hausa da "mata" a Larabci, ko "ta" ɗin da ke nuna mace a harsunan biyu. Da irin wannan hujja Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya yi bincike a ƙasar Kano, ya kasa harsunan Afirka gida huɗu a 1963, ya sa Hausa gida ɗaya da Larabci da harshen Buzaye.

Reshen da Hausa take ciki, tare da Bolanci da Bade da Margi, an raɗa masa suna ne daga Tafkin Chadi, ba daga ƙasar Chadi ba. Shaida kuwa, Larabcin da ake yi a Njamena ba ya cikin reshen, haka ma Barbarci da ke bakin tafkin.

Sango ma haka lamarinsa yake. Ya zama harshen ƙasa a 1964, harshen hukuma tare da Faransanci a 1991, amma tushensa Ngbandi ne, wanda akasarin masu yin sa suna tsallaken kogi a Kwango. Danginsa an sa masa sunan Kogin Ubangi. Wannan bai mai da mai jin Sango ɗan Kwango ba.

Ba a Afirka kaɗai ake wannan ruɗani ba. A Asiya akwai dangin Tai, wanda ya haɗa harshen Tailan da na Lawos, da Shan na Myanmar, da Zhuang na kudancin Sin. Masana suna rubuta sunan dangin Tai, babu "h", su bar Thai ga harshen Tailan kaɗai, don kada a ɗauka duk masu yin harsunan 'yan ƙasa ɗaya ne. Babban gidansu ma ya sha sauya suna: Paul Benedict ya kawo Kadai a 1942, daga baya aka koma Kra-Dai.

Saboda haka mu riƙe wannan: sunan dangi yana nuna inda harshe ya fito, ba inda mai yin sa yake da haƙƙin zama ba. Allah Ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya.