Ciwon Dajin Baki Da Maƙogwaro: Tsufa Ba Ya Hana Magani

Sau da yawa idan likita ya ce dattijo ya kamu da ciwon daji a harshe, ko maƙogwaro, ko can bayan hanci, sai 'ya'yansa su ce a mai da shi gida, ai girma ya zo, kada a wahalar da shi. Amma likitocin wannan fanni ba shekaru kaɗai suke dubawa ba. Ƙarfin jiki suke aunawa: lafiyar zuciya da ƙoda, yadda mutum yake cin abinci, ko yana iya tafiya da kansa, da yawan magungunan da yake sha. Wani ɗan shekara 78 zai jure abin da ɗan 60 mai ciwon zuciya ba zai jure ba.

Manyan hanyoyin magani uku ne. Ta farko ita ce fiɗa, watau a yanke wurin da ciwon ya kama. Ita aka fi yi wa dajin harshe da na baki, muddin zuciyar majiyyaci za ta ɗauki maganin sa barci.

Ta biyu ita ce gashi da na'ura. Galibi ana yinsa kwana 5 a mako har mako 7. Idan aka gano dajin maƙogwaro da wuri, gashi kaɗai kan warkar da kusan 9 cikin 10, kuma murya ta tsira. Illarsa ita ce bushewar baki da zafin haɗiya, don haka tilas a duba haƙora tun kafin a fara, a kuma kula da abinci, domin rama tana saurin kayar da tsoho.

Ta uku ita ce allurar kashe ƙwayoyin daji, kamar sisfilatin, wadda akan haɗa da gashi. A nan ne shekaru suke da ta cewa. Wani babban bincike da aka buga a 2009, wanda ya tattara majiyyata fiye da 17,000, ya nuna amfanin haɗin yana raguwa da girma, har ba a ga amfaninsa sosai ba ga waɗanda suka haura 70. Ga shi kuma allurar tana taɓa ƙoda, tana rage ji. Shi ya sa akan bar tsofaffi da yawa a kan gashi kaɗai. Ga ciwon da ya dawo ko ya bazu, tun 2016 aka fara amfani da allurai masu zaburar da garkuwar jiki, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.

A Nijeriya an kafa sashen gashi a asibitocin koyarwa na Legas, Ibadan, Inugu, Zariya da Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zuwa da wuri. Dishewar murya, ko miki a baki, ko ƙullutu a wuya da ya wuce mako 3, musamman ga mai shan taba ko giya, a garzaya da shi asibiti. Kuma a bar dattijo ya ji bayanin likita da kunnensa, domin jikinsa ne, zaɓin ma nasa ne.