Muryar Barmani a kaset, muryar Bessie a faifai

Ba abin mamaki ba ne a gidan biki a Tanut ko Belbeji a ji mata sun ce a kashe waƙar zamani a sa musu Barmani Coge. Barmani, wato Hajiya Sa'adatu Ahmad, mutuniyar Funtuwa ce a jihar Katsina, amma kaset ba ruwansa da iyaka. Ya biyo hanyar Kano zuwa Damagaram, wadda ayarin raƙuma suka daɗe suna bi zuwa Agadas, ya shigo Damargu cikin kayan fatake da direbobin manyan motoci. Rediyon Kaduna ma ya riga shi isowa ta gajeren zango.

Kiɗan amada, wanda Barmani ta yi suna da shi, na cikin gida ne. A kifa ƙore, wata a ƙasa, wata a kan ruwa, mata su zauna suna bugawa, zabiya na bayarwa ƴan amshi na karɓa. A da yabon bayin Allah ya fi yawa a cikinsa, kuma Uwaliya Mai Amada ta Kano ta yi suna kafin Barmani. Abin da Barmani ta yi shi ne ta kawo zancen da mata ke yi in maza sun fita: kishiya, haihuwa, miji marar kataɓus, da macen da ta zauna ba sana'a tana jiran a ba ta. Da na'ura ta ɗauki wannan, sai zancen ɗaki ya fito kasuwa. Mai shayi ya ji, direba ya ji, malamin da ke cewa ba ya sauraro shi ma ya ji. A ganina nan ne girman aikinta yake, fiye da zaƙin murya.

Irin haka ta faru a Amurka tun da daɗewa. A watan Agusta na 1920 kamfanin Okeh ya ɗauki Mamie Smith tana rera "Crazy Blues" a birnin New York, faifan ya yi kasuwar da ta sa kamfanoni suka farga cewa baƙar fata ma masu saye ne. Nan da nan aka shiga farautar mawaƙa mata. Paramount ya samu Ma Rainey a 1923, Columbia kuma ya samu Bessie Smith a shekarar, waƙarta ta farko "Downhearted Blues" ta sayu dubban ɗaruruwa. Lokacin babu makirfo a ɗakin ɗauka, sai mawaƙiya ta tsaya gaban wani ƙaton mazurari ta buɗe murya, allura na zana sautin a kan kakin zuma. Sai a 1925 aka koma ɗauka da lantarki. Fuskar faifai ɗaya kuwa ba ta wuce minti uku da ɗan wani abu, don haka waƙar da ake ja a dandali dole a datse ta. Barmani ta huta da wannan, domin kaset na ba zabiya fili ta yi ta zuba har ta gaji.

Bessie ta ɗauki waƙoƙi kimanin 160. Ana biyanta ladan kowace waƙa a wuce wurin, ba ta da kaso a cinikin faifan. Da tattalin arziki ya karye Columbia ya sallame ta a 1931, ɗaukarta ta ƙarshe a 1933 dala 37.50 aka ba ta kan kowace waƙa. Ta rasu a haɗarin mota a Mississippi a 1937, kabarinta ya zauna ba alama har 1970, lokacin da mawaƙiya Janis Joplin da Juanita Green suka biya kuɗin dutsen.

An cuce ta, ba shakka. Amma kamfanin da ya cuce ta ya rubuta komai a littafi. Shi ya sa yau za a gaya maka cewa ranar 14 ga Janairun 1925 ta ɗauki "St. Louis Blues", Louis Armstrong na busa ƙaho, Fred Longshaw na kan harmoniya. Kowane faifai da lambarsa.

Mu a nan kuɗin bai isa hannun mai waƙa yadda ya kamata ba, littafin ma ba a ajiye ba. Masu shagon kaset sun yi ta kwafa daga kwafe, yanzu kuma masu turin waƙa a kasuwa na zuba wa mutum waƙoƙi a katin waya, sau da yawa ba shekara, ba sunan wurin ɗauka, wani lokaci sunan waƙar ma mai shago ne ya laƙa mata. Barmani ta rasu a Funtuwa a watan Maris na 2013, an yi rubutu a kanta a jami'o'i, duk da haka mai sauraro ba ya jin sunan matan da ke buga mata ƙwarya, alhali rabin daɗin waƙar a hannunsu yake.

In wannan ne rabon wadda ta yi suna har Yamai, ina ga zabiyoyin Gangara da Tarka da Olelewa, waɗanda iyakarsu gidan biki da suna? Rediyon Nijar ya fara aiki tun 1958, an buɗe cibiyar horar da makaɗa ta Taya a Yamai a 1989, ga kuma gidajen rediyon karkara. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙurar Damargu, amma tsofaffin ƴan amshi suna nan a ƙauyuka, kuma in an je da na'ura da littafi za su faɗi wadda ta fara kowace waƙa, da bikin da aka fara yin ta.