Amsar Wasiƙa: Cire Wayoyin Na'urar Zuciya

Malam daga Gwaram, wasiƙarka ta iso, kan mahaifinka da likita ya ce sai an cire wayoyin na'urar da ke daidaita bugun zuciyarsa. To, in wurin ya kumbura yana mugunya, allura da ƙwaya kaɗai ba sa kashe cutar, sai an fitar da batirin da wayoyin duka. Waya in ta daɗe, nama kan riƙe ta gam, don haka aikin na ƙwararre ne. Yawanci ana tashi lafiya. Abin da kan kayar da mutum daga baya shi ne jinkiri, musamman ga mai ciwon suga ko ƙoda. Kada ku jira a gama girbi. Ku je Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, su tura ku wurin likitocin zuciya a Kano. Allah ya ba Baba lafiya.