Shekarunki nawa, Iya?

Kafin ma'aikaciyar jinya ta fara bincike, sai ta rubuta wa zai shiga, wa zai tsaya a waje. Layin da nake yawan cin karo da shi a irin waɗannan takardu shi ne "daga shekara 18 zuwa 65". Kamar ba komai ba, amma shi ke yanke wanda sakamakon zai amfana.

Cire yara yana da dalili. Wanda bai kai 18 ba sai iyayensa sun amince, in ya yi wayo shi ma a nemi yardarsa. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayani: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996 ya kai har kotu, kuma batun izinin iyaye na cikin abin da aka yi ta ja a kai. Ko awon ciwo ma ya bambanta. Babba zai ce ciwonsa ya kai bakwai cikin goma. Ɗan shekara huɗu kuwa sai an nuna masa zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ya ɗora yatsa.

Cire tsofaffi ne ban gamsu da shi ba. Ana cewa ga hawan jini, ga ciwon suga, ga magunguna barkatai, ga kunne ya yi nauyi, za su dagula lissafi. To ai su ne a kan gadajen asibitin! Gyambon doguwar kwanciya da faɗuwa a banɗaki, wa suka fi samu? A gwada dabarar juya majinyaci kan matasa, sannan a ɗora ta a kan fatar ɗan shekara 80? Shi ya sa tun 2019 hukumar NIH ta Amurka ta ce duk binciken da za ta ba kuɗi, in zai ware wasu saboda shekaru, sai ya kawo hujja.

A wajenmu akwai ƙarin wahala. Sau da yawa tsohuwa ba ta da takardar haihuwa. Tambaye ta, ta ce sittin, jikanta ya ce saba'in. Gogaggiyar nas sai ta bi ta bayan gida: "Iya, da aka kashe Sardauna kin yi aure?" In ta ce tana goyon ɗan fari a lokacin, wato 1966, ta haura 70 ke nan, kuma layin nan na 65 ya riga ya fitar da ita.